Darasi na Tara: Lissafin Rabawa da Lissafin Mahaɗa a Ƙungiyar Adashi

Lokaci: awa ɗaya da rabi. In mata sun gaji, a raba shi zama biyu.

Kayan aiki: tsakuwa ko ƙwallon dabino kamar guda 60, wake hannu ɗaya, masara hannu ɗaya, kalanda, littafin ajiya na kowace mace, da waya mai kalkuleta in akwai.

Abin da ake so a koya: kowace 'yar ƙungiya ta iya sanin nawa ne haƙƙinta ranar fasa akwati, ta san yadda za a yi da abin da ya yi saura, ta kuma iya gano ranar da biya biyu za su faɗo mata lokaci ɗaya.

Gabatarwa

Bari in fara da abin da na gani da idona a wata ƙungiya da ke wani ƙauye a bayan garin Katsina. Mata 20 ne, sun yi mako 48 suna zubi, ba a taɓa jin kansu ba. Ranar fasa akwati aka mayar wa kowa abin da ta zuba, sai aka ɗauki riba aka raba daidai wa daida. Wata dattijuwa da ke sayen hannu huɗu ko biyar kowane mako ta ce ita ba ta yarda ba, kuɗinta ne suka fi yin aiki. Wata amarya da ke sayen hannu ɗaya ta ce ai tare aka sha wahala. Aka tashi baram-baram. Zango na gaba mata bakwai ba su dawo ba. Babu wadda ta saci ko sisi. Ba su zauna sun fahimci lissafin ba tun farko, shi ne kawai.

Irin wannan tsarin adashi na akwati mai kwaɗo uku ya samo asali ne kusa da mu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da matan karkara a jihar Maraɗi ta Nijar, da sunan Mata Masu Dubara, kuma daga nan ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Shi kansa lissafi ba baƙo ba ne a Katsina. Wani malami ɗan ƙasar nan, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi a 1732 a kan jera lambobi cikin gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. A Alƙahira ya rasu, a 1741. Don haka kada wata ta ce lissafi na 'yan boko ne. Wadda ke raba tuwo ga mutum goma sha biyu kowane dare, kowa ya ƙoshi, ta riga ta iya rabawa. Abin da ya rage mu sa shi a takarda.

Kafin ki taɓa lamba

Duk matsalar lissafi da ta zo miki cikin magana, ki yi wa kanki tambaya uku:

1. Me nake da shi a hannu?
2. Me ake so in gano?
3. Abu ɗaya ne za a kasa kashi-kashi, ko abubuwa biyu ne masu maimaituwa ake neman inda za su haɗu?

In kasawa ce, rabawa za ki yi. In haɗuwa ce, mahaɗa za ki nema. Kalkuleta tana da sauri, amma ba ta san wace tambaya aka yi miki ba. Abin da kika danna shi za ta ba ki, ko daidai ne ko kuskure.

Kashi na ɗaya: Rabawa

Misali na 1. Ƙungiya mai mata 24 ta sayi gero buhu 3 da kaka. Mu ɗauka kowane buhu ya ba da tiya 40. Tiya nawa kowa za ta samu?

Da farko a san jimla: 40 sau 3, tiya 120 ke nan. Sai a raba: 120 ÷ 24 = 5. Kowa tiya 5.

Kada ki tsaya nan. Ki koma da baya ki gwada: mata 24, kowa tiya 5, 24 sau 5 ya ba da 120. Ya yi daidai. Wannan komawa da baya ita ce shaidarki. Duk rabon da aka yi a ƙungiya, a gwada shi haka da ƙarfi kowa na ji.

Yadda za a yi da saura

Ba kullum rabo ke fita cif ba. Kuma saura ba hukuncinsa ɗaya ba, ya danganta da abin da ake rabawa.

Wani lokaci saura akwati yake komawa. An tara kuɗin tara na makara da na fashin taro, ya kai naira 13,000, mata 25. Kalkuleta za ta ce kowa naira 520. To ina za a samo canjin naira ashirin-ashirin na mutum 25? Sai a ba kowa 500, wato 12,500, ragowar naira 500 a rubuta ta a littafi ta zama ta farkon zango mai zuwa. A rubuta fa, kada a ce ma'aji ta riƙe a ka.

Wani lokaci kuma saura yana sa a ƙara ɗaya. Mata 20 sun sauka a tasha za su wajen horo a Ƙofar Ƙaura, kowace keke napep na ɗaukar mutum 3. 20 ÷ 3 ya ba da 6, saura 2. In kika yi cinikin keke 6, mata biyu za su tsaya a titi. Keke 7 ake bukata, kuma kuɗin 7 za a ware.

Akwai kuma inda ake gyara rabon don ya yi sauƙin biya. Inna ta ci bashin naira 20,000, za ta biya cikin mako 12. In kin danna a waya za ki ga 1666.666, da shida-shida har ƙarshen gilashi. Kada ya tsorata ki, yana nufin bai rabu cif ba ne. Sai a ce ta riƙa biyan 1,700 har mako 11, wato 18,700, a mako na ƙarshe ta cika 1,300. Ki haɗa 18,700 da 1,300, za ki ga 20,000 ne, ba a ƙara mata ba, ba a rage ba.

Lissafin ranar fasa akwati

Nan ne ya kamata mu daɗe, domin nan ne ƙungiyoyi ke watsewa. A tsarinmu kowace mace na sayen hannu ɗaya zuwa biyar a mako, ana buga mata hatimi a littafinta. Ranar rabo ba da yawan mata ake raba kuɗi ba. Da yawan hannu ake rabawa.

Mu koma ga ƙungiyar da na ba ku labari. Kuɗin hannu ɗaya naira 200 ne. Da aka ƙirga hatiman littattafai 20 ɗin, an samu hannu 2,400. Zubi ke nan na naira 480,000. Ribar gyaɗar da suka saya suka ajiye, haɗe da kuɗin tara, ta kai 120,000. Bayan kowa ta biya bashinta, akwai naira 600,000 a kan tabarma. Kuɗin asusun taimako ba ya ciki, shi daban ake ajiye shi.

Mataki na farko: a gano darajar hannu ɗaya yau. 600,000 ÷ 2,400.

Lambobin sun yi girma, amma akwai dabara. Ki cire sifili biyu daga wannan, ki cire biyu daga wancan, daidai da juna. Ya zama 6,000 ÷ 24. Yanzu ki yi ta cira kamar mai awo: 24 sau 100 shi ne 2,400. Sau 200 shi ne 4,800. An cire 4,800 daga 6,000, saura 1,200. 24 sau 50 shi ne 1,200 cif. To 200 da 50, 250 ke nan. Hannun da aka saya 200, yau ya zama naira 250.

Mataki na biyu: kowace mace ta ƙirga hatimanta ta ninka da 250.

Gwaggo mai hannu 200: 200 sau 250 = 50,000. Ta zuba 40,000, ribarta 10,000.
Amarya mai hannu 60: 60 sau 250 = 15,000. Ta zuba 12,000, ribarta 3,000.

Ku duba abin da ya faru da aka raba riba da yawan mata: 120,000 ÷ 20 = 6,000 kowa. Gwaggo ta tashi da 46,000, an tauye mata 4,000. Amarya ta tashi da 18,000, an ƙara mata 3,000 daga guminta wasu. Kun ga dattijuwar nan ba rigima take ji ba, gaskiya gare ta. Ita ma amaryar ba zalunci ta nufa ba, ba a taɓa nuna mata ba ne. A lissafin hannu, kowace naira 200 ta haifi naira 50, ko ta wace ce.

Mataki na uku: kafin a miƙa wa kowa kuɗi, magatakarda ta rubuta rabon kowa, a haɗa duka. In bai ba da 600,000 ba, akwai kuskure, kada a taɓa kuɗin sai an gano shi. Gani ya kori ji.

Kashi na biyu: Mahaɗa

Yanzu ga wata irin matsalar. Inna na biyan kason bashinta duk bayan mako 4. Tana kuma sayen buhun gyaɗa na ƙuli-ƙuli duk bayan mako 6. Yau ta yi duka biyun, ta ji jiki. Tana so ta san yaushe za su sake faɗo mata tare don ta yi tanadi.

Nan babu abin da ake rabawa. Abubuwa biyu ne kowanne na tafiya da takunsa, muna neman inda za su haɗu.

Aikin tabarma: a haƙa gurbi 24 a ƙasa a jere, kamar na dara. Kowane gurbi mako ɗaya ne. Mace ɗaya ta ɗauki wake, ta ƙirga huɗu-huɗu tana sakawa. Wata ta ɗauki masara, ta ƙirga shida-shida.

Wake zai faɗa a gurbi na 4, 8, 12, 16, 20, 24.
Masara za ta faɗa a gurbi na 6, 12, 18, 24.

A wane gurbi aka fara ganin wake da masara tare? Na 12. Wannan ita ce mahaɗa ta farko. Lambobin da wake ya sauka a kansu su ne ninkin 4, na masara su ne ninkin 6, kuma 12 ita ce mafi ƙanƙantar lambar da ke cikin jerin biyu. 'Ya'yanku na makaranta suna kiran ta LCM, in kun ji suna faɗa, wannan ce.

Ga kuskuren da aka fi yi. Mace za ta ce 4 sau 6 ai 24 ne, sai mako na 24. E, suna haɗuwa a 24, amma sun riga sun haɗu a 12. In Inna ta dogara da 24, mako na 12 zai same ta ba shiri, ko ta fasa sayen gyaɗa ko a ci ta tara. Kuma da zarar kin san mahaɗa ta farko, sauran suna biyo ta: 12, 24, 36, 48. A zango mai mako 48, sau 4 ke nan, domin 48 ÷ 12 = 4. Ta sa alama a kalanda tun yau, ta riƙa ware wani abu kafin kowanne ya zo.

Gajeriyar hanya: ki ɗauki babbar lambar, ki riƙa ƙirga ninkinta, kina tambaya ko ƙaramar za ta raba ta cif. 6: shin 4 na raba ta? A'a. 12: shin 4 na raba ta? E, sau 3. Kin samu.

Misali na 2. Kasuwannin mako irin na Jibiya, Batsari da Mai'aduwa sau ɗaya suke ci cikin kwana 7. Yaya tana matsar mai duk bayan kwana 3. Yau ranar kasuwa ce kuma ranar matsa, dole ta bar ɗaya. Yaushe za a sake yin karon? Ninkin 7: 7, a'a, 14, a'a, 21, e, 3 sau 7. Kwana 21, mako uku ke nan. A nan amsar ta zo daidai da 3 sau 7, saboda babu wata lamba da ke raba 3 da 7 duka sai 1. A misalin Inna kuwa, 2 na raba 4 tana raba 6, shi ya sa suka haɗu da wuri.

Misali na 3. Mahaɗa ba ta ranaku ce kaɗai ba. Ƙungiya za ta zuba man gyaɗa a robobi. Ana sayar da robobin dozin-dozin, wato 12. Takardar suna da ake liƙawa kuma shafi ɗaya na ɗauke da guda 10. Guda nawa za a saya don kada wani ya yi saura? Ninkin 12: 12, 24, 36, 48, 60. Ta farko da 10 ke rabawa cif ita ce 60. Sai rabawa ta shigo: 60 ÷ 12 = dozin 5 na robobi, 60 ÷ 10 = shafi 6 na takarda. Kun ga lissafin biyu tare suke aiki, mahaɗa ta ba da jimla, rabawa ta faɗi nawa za a saya.

Inda kuka taɓa ganin wannan

Duk wadda ta zauna wajen rabon gado ta ga malamai na wannan lissafin. Mu ce mutum ya rasu ya bar mata, da mahaifiya, da 'ya'ya maza da mata. Matar tana da tumuni, ɗaya bisa takwas. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Kashi nawa za a kasa dukiyar don a fitar da duka biyun ba tare da an karya kaso ba? Ana neman lambar da 8 ke rabawa, 6 ma ke rabawa. Ninkin 8: 8, a'a, 16, a'a, 24, e. Shi ya sa za ku ji malam ya ce a kasa 24. In abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya naira 240,000 ne, kowane kaso 10,000. Matar ta samu kaso 3, wato 30,000, domin 24 ÷ 8 = 3. Mahaifiya kaso 4, wato 40,000. Kaso 17 na 'ya'ya ne. Rabon gado aikin malamai da alƙalai ne, ba na ƙungiya ba, kuma yana canzawa da waɗanda mamaci ya bari. Na kawo shi ne don ku ga lissafin nan tsohon abu ne a gidajenmu, kuma macen da ta iya shi za ta fahimci abin da ake faɗa a kan haƙƙinta.

Aikin gwaji

A kasu rukuni-rukuni, mata huɗu ko biyar, a tabbata kowane rukuni akwai mai iya karatu. Kafin a lissafa, rukuni ya fara faɗa: wannan rabawa ce ko mahaɗa?

1. An kawo sabulu guda 90, mata 22. Nawa kowa za ta samu, nawa zai rage?
2. Ranar fasa akwati akwai naira 390,000, jimlar hannu 1,500. Nawa ne darajar hannu ɗaya? Mai hannu 90 nawa za ta karɓa?
3. Uwargida na sayen abincin kaji duk kwana 10, itacen suya duk kwana 15. Yau ta sayi duka. Bayan kwana nawa za su sake haɗuwa?
4. Bashin naira 15,000 za a biya cikin mako 8. In ana biyan 1,900 har mako 7, nawa ne na makon ƙarshe?
5. Inna na shiga Babbar Kasuwar Katsina duk kwana 4, Gwaggo duk kwana 6, Yaya duk kwana 10. Yau mota ɗaya suka shiga. Yaushe za su sake tafiya su uku?

Amsoshi (mai jagoranci kada ta karanta sai kowane rukuni ya faɗi tasa)

1. Rabawa. Kowa 4, domin 22 sau 4 shi ne 88, saura 2. Ƙungiya ta yanke yadda za a yi da su, a rubuta.
2. Rabawa. A cire sifili biyu-biyu: 3,900 ÷ 15 = 260. Mai hannu 90 tana da 23,400.
3. Mahaɗa. 15, a'a, 30, e. Kwana 30 ne. Wadda ta ce 150 ta ninka ne kawai.
4. 1,900 sau 7 shi ne 13,300. A cire daga 15,000, saura 1,700.
5. Mahaɗa. A bi ninkin 10: 10, 20, 30, 40, 50, 60. Huɗu na raba 20 amma shida ba ta rabawa. Shida na raba 30 amma huɗu ba ta rabawa. Sai a 60 duka suka shiga. Kwana 60.

Shawara ga mai jagoranci

Kada ki yi gaggawar ba da amsa. In mace ta yi kuskure, ki ce ta koma da baya ta gwada, ita da kanta za ta gani. Dattawa da yawa sun fi mu saurin lissafi da ka, takardar ce kawai ke ba su tsoro, don haka ki fara da tsakuwa da wake kafin biro. Kuma ki tabbata an karanta dokar rabo ta ƙungiya a wannan zaman, kowa ta ji cewa da hannu ake rabawa, tun kuɗi bai taru ba.

Aikin gida

Kowace mace ta ƙirga hatiman littafinta ta zo da adadin a taro mai zuwa. Ta kuma tuno abubuwa biyu da take biya lokaci-lokaci, kamar kason bashi da sarin kayan sana'a, ta gano makon da za su haɗu. Wadda ba ta rubutu ta sa ɗanta ko 'yarta su yi mata alama a kalanda. Za mu fara darasi na goma da duba waɗannan.

Allah ya sa albarka a cikin abin da muke tarawa, ya bar zumunci.